Sojan da ya cika a kan tabarmar jinya: haƙƙinsa a kanmu

 

Kowace ranar 15 ga watan Janairu, Nijeriya takan tsaya ta tuna da mazan jiya. A irin wannan rana ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, shi ya sa aka ɗauke bikin daga 11 ga Nuwamba da aka gada a hannun Turawa aka mayar da shi nan. Akan busa begila, a harba bindiga, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, a kuma yi addu'o'i a wuraren ibada. Maganar da ta fi yawo a bakin masu jawabi ita ce ta waɗanda suka kwanta dama a fagen fama, kuma da jin haka zuciya takan tafi ga wanda harsashi ya samu ko nakiya ta tashi da shi. Amma akwai wani mamaci da jawabin ba ya isa gare shi. Shi ne saurayin da ya baro ƙauyensu da ƙafarsa, ya sa kaki, ya isa bakin daga, sai zazzaɓi ko atini ya kwantar da shi, ya cika a asibitin sansani ko a gindin wata bishiya, ba tabon harsashi ko ɗaya a jikinsa. Shi muke son masu karatu su tuna tare da mu a wannan mako.

Wannan saurayi yana da sunaye da yawa, domin gidaje da yawa sun haife shi. Mun fi ganinsa ƙarara a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. A 1943 Ingila ta harhaɗa manyan rundunoni biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ta kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can kuma zuwa ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke ce wa Bama, yau kuma ake kiranta Myanmar, domin su kara da sojojin Japan. Dubun-dubatar samari ne daga Nijeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya. A bataliyoyin Nijeriya Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, da ita ake hira. Da yawansu manoma ne da makiyaya da ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da suka hau ta. Wani son ransa ne ya kai shi, wani talauci ne ya kora shi, wani kuma hakimi ko dagaci ne ya nuna shi da yatsa lokacin da aka nemi ƙasarsa ta kawo mutane. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin rundunar Chindit da ta kutsa bayan layin abokan gaba a 1944, kuma a Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka karɓe garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya taka har can ya gaishe su.

Abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba shi ne, a wancan daji cuta ta fi bindiga ɓarna. Janar William Slim, wanda ya jagoranci Runduna ta 14 ta Birtaniya a Burma, ya bayyana cewa a 1943, duk soja ɗaya da aka kwaso daga bakin daga saboda rauni, an kwaso 120 saboda rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne a gaba, sai atini, sai wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke yaɗawa, sai gyambon da ba ya warkewa saboda laima. Damina a can watanni take yi tana zuba, kaya ba sa bushewa, takalmi na ruɓewa a ƙafa. Rundunar 81 kuwa a duwatsun da mota ba ta shiga take tafiya, abincinta daga jirgin sama ake jefo mata, kayanta kuma a kan 'yan dako suke. Wanda ciwo ya kayar a irin wannan hanya, kafin a kai shi inda likita yake sau da yawa rai ya yi halinsa. Ba Burma ce kaɗai ta ga haka ba. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su. Haka yaƙi ya kasance a mafi yawan tarihin ɗan Adam: takobi ya ɗauki rabonsa, annoba ta kwashe mafi yawa.

Sunayen wuraren da aka gwabza sun dawo gida tare da waɗanda suka tsira. Barikin Chindit na Zariya, da Dalet da Kalapanzin na Kaduna, da Arakan da Myohaung da Dodan na Legas, da Letmauk na Ibadan, da Burma Camp na Accra, duk daga can aka samo su. Muna wucewa ta ƙofofinsu kullum. Sunayen mutanen kuwa can aka bar su. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu, kuma akwai kaburburan 'yan Afirka ta Yamma a Chittagong da Maynamati a Bangaladash ta yau. Waɗannan ma sun yi sa'a da aka rubuta su. A Afrilun 2021, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu a kan kabari ko allon tunawa ba, har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. A wancan yaƙi 'yan Nijeriya sun je Kamaru sun je Afirka ta Gabas, kuma 'yan dakon da suka bi rundunoni a can cuta da yunwa ne suka fi cinye su.

Turawa sun amsa nasu laifin. Namu fa? A al'adarmu kirari na wanda ya faɗi da makami a hannu ne. Idan aka kawo labarin rasuwar soja, tambayar farko a zauren makoki ita ce a wane hari, in aka ce ai jinya ya yi, sai ka ji murya ta sauka, kamar mutuwar ta ragu da daraja. Wata uwa har takan ji nauyin faɗin gaskiyar abin da ya ɗauki ɗanta. Wannan ma'auni ne na mawaƙan fada, kuma addininmu ya zo da wanda ya fi shi adalci.

Malaman tafsiri, cikinsu har da Ibn Kasir, sun kawo labarin sahabi Fadalatu ɗan Ubaidu (RA) lokacin da yake shugabantar mayaƙa a tsibirin Rodas. An fito da gawa biyu, ɗaya an kashe shi a yaƙi, ɗaya kuma mutuwar Allah da Annabi ya yi. Jama'a suka karkata ga wanda aka kashe, suka bar ɗayan. Fadalatu ya yi musu gyara, ya rantse cewa shi bai damu ba ko daga wanne cikin ramukan biyu za a tashe shi, ya kuma kafa hujja da aya ta 58 ta Suratul Hajji, inda Allah Ya jera wanda aka kashe da wanda ya mutu cikin masu hijira saboda Shi, Ya yi musu alkawarin kyakkyawan arziki guda. Abin da jama'ar Rodas suka yi a ranar shi muke yi har yau, kuma gyaran da aka yi musu ya hau kanmu.

Hadisai sun ƙara fito da wannan fili. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wa suke ɗauka shahidi, da suka taƙaita abin ga wanda aka kashe, sai ya nuna musu cewa in haka ne shahidan al'ummarsa za su yi ƙaranci, sannan ya ƙirga wanda ya mutu a tafarkin Allah ba tare da an kashe shi ba, da wanda annoba ta ɗauka, da wanda ciwon ciki ya ɗauka. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo ruwayar da ta ƙara da wanda ciwon haƙarƙari ya kashe, da wanda gobara ta ci, da matar da ta rasu wajen haihuwa. Daga nan malamai suka bambanta hukunci biyu. Wanda aka kashe a fagen daga a yaƙin da shari'a ta amince da shi, ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake binne shi, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu. Wanda ciwo ya ɗauka kuwa ana yi masa wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi kamar kowane mamaci, ladansa na shahada kuma yana jiransa a lahira. A duniya ne hukuncinsu ya rabu, kuma rabuwar a kan sutura ce.

Tarihin sahabbai ma ya ishe mu. A shekara ta 18 bayan hijira, wato 639 Miladiyya, zamanin halifancin Umar ɗan Haɗɗabi (RA), annoba ta ɓarke a Amwas cikin Falasɗinu ta bi sansanonin Musulmi na Sham. Marubuta tarihi sun ambaci kimanin mutum 25,000 da ta ɗauka. Cikinsu akwai kwamandan rundunar, Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, da Yazidu ɗan Abu Sufyan, da Shurahbilu ɗan Hasana, da Mu'azu ɗan Jabal, wanda bai kai shekara 40 ba. Waɗannan mazaje sun ga yaƙin Yarmuk sun fita da ransu, ciwo ne ya kwantar da su. Halidu ɗan Walidu, wanda Annabi (SAW) ya yi wa laƙabi da takobin Allah, a kan shimfiɗarsa ya rasu. Babu malamin da ya taɓa cewa darajarsu ta ragu don ba a zubar da jininsu ba.

Wani ɗalibi zai ce, ai waɗancan sahabbai ne da suka fita don ɗaukaka kalmar Allah, samarin Burma kuwa yaƙin Sarkin Ingila suka je. Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu kauce mata ba. Ba mu ce yaƙin 'yan mulkin mallaka jihadi ne ba, kuma ba mu yanke wa kowane mutum shahada da sunansa ba. Imam Buhari ya ware babi guda a littafinsa kan cewa ba a tabbatar wa wani ayyanannen mutum shahada, domin niyya a zuciya take, Allah kaɗai ke ganinta. Sai dai abu biyu sun tabbata. Na farko, falalar wanda ciwon ciki ko annoba ta ɗauka ba a rataya ta ga kaki ko tuta ba, Musulmi ne ya haƙura da ciwo har ya cika. Wanda zazzaɓi ya ɗauka ma yana ƙarƙashin nassoshi ingantattu da suka nuna cewa ciwo kankarar zunubi ne ga mumini. Na biyu, haƙƙin Musulmi a kan 'yan'uwansa bayan mutuwa, wato nema masa gafara da kula da abin da ya bari, ba ya faɗuwa don ya mutu a ƙarƙashin wata gwamnati. Yaron da dagaci ya nuna da yatsa, ya yi sallarsa a cikin taɓo, ya cika da kalmar shahada nesa da mahaifiyarsa, ya fi cancantar addu'armu a kan muhawararmu.

Sojan yau kuma lamarinsa ya fi kusa da mu. Yaranmu ne ke tsaye a Borno da Yobe da tsibiran Tafkin Chadi, da dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, takwarorinsu kuma suna tsaye a Diffa da Tillabéri. Sauro bai san kaki ba, haka ma gurɓataccen ruwa da zafin bazara da saran maciji. Imam Muslim ya ruwaito daga Salmanul Farisi (RA) falalar wanda ya mutu yana gadin iyakar Musulmi, cewa ladan aikinsa ba ya yankewa kuma yana samun aminci daga fitinar kabari, kuma ruwayar ba ta sharɗanta sai an kashe shi ba. Wanda ya tsarkake niyyarsa ya tsaya don kare rayuka da dukiyoyin bayin Allah daga azzalumai, muna yi masa fatan wannan rabo, ko harsashi ne ajalinsa ko zazzaɓi.

Kada kuma wani ya fake da wannan falala ya yi sakaci da ran soja. Ladan mai haƙuri nasa ne, alhakin mai sakaci kuma yana wuyansa. A annobar nan ta Amwas, da Umar ya isa Sarg ya ji labarin cutar, ya yi shawara ya juya da jama'arsa Madina, ya kuma fahimtar da Abu Ubaida cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Da shugabanci ya zo hannun Amru ɗan Asi, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, aka kuma samu sauƙin annobar. Tun kafin nan, a yaƙin Handaƙ, akwai hemar Rufaida Al'aslamiyya a masallacin Madina inda ake jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu. Slim ma da ya ga cuta na cinye rundunarsa, ya tilasta shan ƙwayar mefakirin kullum duk da jita-jitar da ta bazu cewa tana kashe mazakuta, ya kafa wuraren jinyar zazzaɓi kusa da bakin daga, ya sauke kwamandojin da sojojinsu ba sa shan magani, sai adadin marasa lafiya ya faɗi ƙwarai. Rigakafi ya fi magani. Gidan sauro da ruwa mai tsabta da likita a kusa suna cikin makaman yaƙi, kuma duk wanda aka damƙa wa kuɗinsu ya karkatar da su, ya san cewa rai ya ci, za a kuma tambaye shi.

Saura abin da ya hau kan gidajenmu. Na farko bashi. Ya inganta cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, to ina ga waninsa? A binciki abin da ake bin mamaci a biya kafin a taɓa gado, sannan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Na biyu rabon gado. Sunan da soja ya rubuta a takardar aiki a matsayin makusancinsa, na wanda za a tuntuɓa ne ya karɓa, rubutun bai shafe rabon sauran magada a dukiyar da mamaci ya mallaka ba. Matarsa tana da sumuni in ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i in bai bari ba. Mahaifiyarsa tana da sudusi in akwai 'ya'ya. Kawun da ya karɓe kuɗi ya yi shiru, cin dukiyar maraya ya yi, kuma kowa ya san azabar da Suratun Nisa'i ta ambata a kansa. Abin da ya shige duhu game da kuɗin sallama da na diyya, a kai wa malamin da ya san fara'ili ko alƙali. Na uku takaba. Wata huɗu ne da kwana goma, ko haihuwa ga mai ciki, kuma a wurin jumhurun malamai daga ranar rasuwa ake ƙirgawa ko da labari ya makara. Idan an binne shi a nesa, malamai sun saɓa kan sallar ga'ibi, Malikiyya ba su tafi a kanta ba, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta ta bisa abin da aka yi wa Najashi. Addu'a da sadaka kuwa babu saɓani a kan suna isa gare shi.

Limamai da kwamitocin masallatai su ma suna da aiki. Lokacin da labarin Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) da kansa ya shiga gidansa ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma sa a dafa wa iyalin abinci. Ya kuma inganta cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi a bayansa yana tarayya da shi a lada. Kowane masallaci ya san gidajen sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da suka rasa masu ciyar da su a unguwarsa. A sa su cikin rabon zakka idan sun cancanta, a biya kuɗin makarantar marayunsu, a raka matansu ofisoshi wajen neman haƙƙinsu, kada a bar mace mai takaba tana yawon takarda ita kaɗai. Zumunta a ƙafa take. Hukumomi kuma muna kira gare su da su daidaita iyalin wanda ya cika a jinya da na wanda ya faɗi a hari wajen gaggawar biyan haƙƙi da wajen ambaton suna, domin aiki ɗaya ne ya fitar da su daga gida.

Ku kuma ɗalibai, waiwaye adon tafiya. Waɗanda suka dawo daga Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu na nan, kuma a bakin wata tsohuwa har yanzu akwai sunan wan mahaifinta da ya tafi bai dawo ba. Ku zauna da ita ku rubuta sunansa da na ƙauyensa da abin da aka sani na ƙarshensa. Hukumar kaburburan da muka ambata ta sa sunayen waɗanda ta rubuta a intanet, ana iya nemansu kyauta. Malamanmu na farko sun rubuta tarihin dubban maruwaita, kowa da garinsa da shekarar rasuwarsa, don kada suna ya ɓata. Mu magadansu ne, bai dace ƙauye ya rasa sunan ɗansa a cikin shekara tamanin ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Musulmin da suka cika nesa da gida, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda Kai kaɗai Ka sani. Ka sanya ciwon da suka sha ya zama kankarar zunubansu, Ka haskaka kaburburansu, Ka zama gatan marayunsu da matansu, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.